Bago: yadda maharban ƙasar Kano ke kwana a kan bishiya, da inda namun dajin suka tafi

1/ Jama'a, zare ne mai ɗan tsawo, a gyara zama. Duk mai kallon bidiyon farauta a YouTube ko TikTok ya taɓa ganin Ba'amurke ya goyo wata kujerar ƙarfe, ya maƙala ta a jikin bishiya, ya haye sama yana dakon nama. Sai ka ga ana ta rubuta "kai, Bature da dabara!" To dabarar nan muna da ita tun kaka da kakanni. Sunanta bago.

2/ Yin bago shi ne maharbi ya hau bishiya ya laɓe, ya jira naman daji ya kawo kansa ƙarƙashinsa. Kalmar tana nan cikin ƙamusoshin Hausa. Amma je ka majalisar samari a Yakasai ko Mandawari ka ce "bago", ka ga mutum nawa za su gane. Kalma takan mutu ne in aikinta ya mutu, kuma labarin mutuwar wannan aikin labarin birnin Kano ne kansa.

3/ Kafin mu yi nisa, gyara ɗaya. Dabbar da Amurkawa ke harbi, mai ƙaho kamar rassan itace, wadda ke zubar da ƙahon duk shekara ta fito da sabo, babu ita a Nijeriya. A duk Afirka ma sai can tsaunukan Atlas, wajen Aljeriya da Tunisiya, ake samun danginta. Masu fassara ne suka ara mata sunan barewa. Barewarmu ƙahonta ɗaya ne har ta mutu.

4/ Namu su ne barewa, gada, mazo, batsiya, mariya, kanki, kwanta-rafi, gwambaza, da babban yayansu gwanki. Sai ɓauna, wadda ba a yi mata wasa. Ƙirga da kanka nawa ka taɓa gani da ido a cikinsu, ban da a gidan zu.

5/ Mu koma farko. Littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, ya jero sarakuna daga Bagauda har zuwa Muhammadu Bello a ƙarshen ƙarni na 19. Palmer ya fitar da shi da Turanci a 1908, sannan ya fito da Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a 1933. Abin lura: littafin bai fara da sarki ba, bai fara da malami ko attajiri ba. Da maharbi ya fara.

6/ Ya ce mutumin Dutsen Dala ƙato ne baƙi, maharbi, mai kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka tafiyar kusan mil 9. Kar wani ya zo min da "ai ba zai yiwu ba". Mun sani. Kirari ne, kuma kirari ba ma'auni ba ne. Abin da yake gaya maka shi ne: mutanen da suka adana labarin sun tuna cewa akwai giwa kusa da Dala, kuma mai iya kashe ta shi ne shugaba.

7/ Littafin ya ce Dala ya gina gidansa a kan dutsen, kuma daga tsatsonsa Barbushe ya fito, mai kula da Tsumburbura. Cikin manyan mutanen Barbushe an lissafa maƙeri, da mai magani, da mai gadin gari da dare, da ma'abocin baka. Ka ga tun ranar farko harbi sana'a ce mai kujera a gari.

8/ A ganina Dala ita ce bago na farko a Kano. Ƙasar nan shimfiɗaɗɗiya ce, in ka cire Dala da Gwauron Dutse da Magwan da Fanisau. Wanda ya hau dutse yana ganin hayaƙi, yana ganin ƙurar garke, yana ganin baƙo tun yana nesa. Na ƙasa kuwa hangen dutsen kawai yake yi, kuma kun san hangen Dala ba shiga birni ba ne.

9/ Masu tonon tarihi sun samu burbushin narka tama a gindin Dala da ya kai ƙarni na 7 Miladiyya. Labarin Abagayawa ma ya ce maƙeri ne mai suna Kano ya taso daga Gaya yana neman tama. Ƙarfen nan shi ne bakin kibiya da gatari da fartanya. Narka shi kuma yana cin gawayi ba kaɗan ba. Wato abin da ya ba maharbi makami shi ne ya fara cin dajinsa.

10/ In kana son ganin dajin da ya ɓace, karanta sunayen unguwanni. Kasuwar Kurmi: mene ne kurmi in ba daji mai duhu a bakin ruwa ba? Kurmin Jakara ke nan, wanda mutanen dā ke tsoron taɓawa. Sai Rimin Kira, Durumin Iya, Durumin Zungura, Ceɗiyar 'Yan Gurasa, Kukar Bulukiya. Bishiyoyi ne suka zama adireshi.

11/ Tsumburbura ma a bishiya take, an kewaye ta da katanga, ba mai shiga sai Barbushe. Sarki Tsamiya (1307 zuwa 1343) ne ya rushe wurin, kuma littafin ya ce a zamanin Rumfa (1463 zuwa 1499) aka sare bishiyar tsafin aka gina hasumiya a gurbinta. Ku riƙe wannan: a ƙasar nan hawa babbar bishiya da dare bai taɓa zama ƙaramin abu ba.

12/ To yaya ake yin bagon? Da farko a bambanta abu biyu da muke cakuɗawa yau. Akwai farauta, akwai harbi. Farauta ta taro ce: gari guda ya fita da rani, da karnuka, da gora da barandami da kiɗa, a kewaye daji a tayar da zomo da gada. Hayaniya ce makaminta.

13/ Harbi kuwa na mutum ɗaya ne, ko shi da ɗansa ko yaronsa. Kwari da baka, daga baya bindigar toka. Shiru ne makaminsa. Maharba gado suke yi, suna da shugabanninsu irin su Sarkin Baka da Sarkin Dawa, suna da makaɗansu masu kiɗan komo, babbar garaya. Bago aikin maharbi ne, ɗan farauta ba shi da wannan haƙurin.

14/ Lokacinsa rani, in tafkuna sun ƙafe ruwa ya rage a 'yan wurare. Da damina nama na shan ruwa ko'ina, ba ka san inda za ka tare shi ba. Da rani kuwa dole ya zo mashaya. Maharbi zai yi kwanaki yana karanta bakin ruwan: sawun wane ne wannan, na jiya ne ko na shekaranjiya, ta ina ya shigo, kashinsa ɗanye ne ko busasshe.

15/ Bayan mashaya akwai wurin lasa, inda ƙasa ke da gishiri-gishiri dabbobi ke zuwa lasa. Akwai kuma gindin itatuwa masu zubar da 'ya'ya, irin su kanya da ɓaure da aduwa, inda gada da mazo ke kiwo. Sai gefen gona, in gadu ko birai sun addabi manomi ya kira maharbi.

16/ Sai zaɓen bishiya, kuma nan ake gane gwani. Iska ce alƙali. Dabbobin nan da hanci suke rayuwa, mutum kuwa kamar gwano yake, ba ya jin warin jikinsa. Dole bishiyar ta kasance inda iska za ta taso daga wajen naman ta zo kanka, ba ta kwashi warinka ta kai masa ba. Maharbi kan saki 'yar toka ko ƙura daga yatsunsa ya ga inda ta nufa.

17/ Amfanin hawa sama uku ne. Warinka yakan bi iska ta saman kan dabbar. Idonta kuma a ƙasa yake, domin mafi yawan abin da ke cinta ta cikin ciyawa yake zuwa. Na uku, in ɓauna ce ka harba ba ta faɗi ba, gara kana sama. Kwanton ɓauna da muke faɗa a labaran yaƙi daga halinta aka samo: in ta ji rauni sai ta laɓe ta jira mai binta.

18/ Wurin zaman ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Inda reshe ya rabu biyu, a gitta 'yan sanduna, a ɗaure da igiyar ɓawon kuka ko ta rama ko kaba, a kare da ganye. Wani ma ba ya gitta komai, reshen ne kujerarsa. Babu abin da ya sayo, babu abin da zai goyo ya koma gida da shi sai makaminsa da abin da ya samu.

19/ Tsani fa? A cikin birni tsani kayan aikin magina ne da masu gyaran soro kafin damina, da mai ɗebo hatsi a rumbu: na gwangwala, ko gungume mai baki biyu da aka sassaƙa masa matakai. Amma ba mai jan gwangwala zuwa mashaya, ƙararta kaɗai ta kori nama. A daji bishiyar ce ake mayarwa tsani.

20/ Ko a sare 'yan matakai a jikinta da gatari, ko a jefa igiya a kan reshe, ko a kafa turaku. Kuka ta fi kowa karɓar turke, domin jikinta taushi gare shi, ga santsi ga kauri, ba ta runguma. In ka bi ƙauyuka za ka ga tsofaffin kukoki da layin turaku ko ramukansu har sama. Masu ɗiban ganyen miya da masu ɗora amya suna hawa ta nan har gobe.

21/ Yanzu ka hau. Tun la'asar, kafin nama ya fara motsi. Ba tari, ba taba, ba kashe sauro da tafi. Ƙafa ta yi tsami ba halin miƙewa. Tururuwa na bin wuyanka. An fi son daren farin wata don ka ga abin da kake harbi. Maciji na hawa bishiya, damisa ma a nan take kai abincinta.

22/ Babban abokin gaba dai barci ne. Gyangyaɗi ɗaya ya isa. Shi ya sa mai hankali kan ɗaure ƙugunsa da reshe. Ku riƙe wannan ma, za mu dawo kansa in mun je Amurka.

23/ Sannan ga maganar iskoki. Hausawa sun daɗe da cewa tsamiya da kuka gidajen mutanen ɓoye ne. Mutumin da zai kwana shi kaɗai a kan irin wannan bishiya, a dokar daji, gari zai ɗauke shi ba daidai da kowa ba. Daga nan layu da guraye da rigar maharba, daga nan kuma ake zuwa wurinsu neman magani. Ko ka yarda ko ba ka yarda ba, rabin kwarjinin maharbi daga wannan kwanan yake.

24/ Bakan gargajiya ba ya kai kibiya nesa da ƙarfi, kibiyar ma siririya ce. Dafi ne ke aikin. Ginshiƙinsa 'ya'yan kwankwani, ana dafa su har su yi kauri, wasu su ƙara tinya da sauran sirrin gidansu. Dafin zuciya yake kamawa. In naman ya faɗi sai a yanke tsokar da ke kewaye da raunin a yar.

25/ Ɗan ratse: dangin kwankwanin nan ne John Kirk, abokin tafiyar Livingstone, ya gani wurin maharban yankin kogin Zambezi. Daga baya wani likita a Edinbura, Thomas Fraser, ya tace sinadarinsa, ya zama maganin ciwon zuciya a asibitocin Turai. Dafin kibiya ne a kwalba.

26/ Ga inda abin ya fi min daɗi: fiƙihu. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan Madabo da sauran unguwannin malamai, ta yi maganar farauta. Farauta don wasa makaruhi ce, don buƙata halal ce. In ka riski naman da sauran rai, sai ka yanka. In kuma ya ɓace maka har ya kwana, akwai maganar barin cinsa.

27/ Muhtasar na Halil ya ƙara da matsalar kibiya mai dafi: in ba a san ko raunin ne ya kashe ko dafin ba, naman ya shiga shakka. To ka duba halin mai bago. Yana sama, dare ne, ya harba, naman ya zabura cikin duhu dafi na cinsa. Dole ya sauko da sauri, ya bi jini, ya same shi da rai ya sa wuƙa. Turakun nan ba don hawa kaɗai aka kafa su ba, saukowar ta fi muhimmanci.

28/ Inda babu bishiyar da ta dace, akwai wata dabarar: burtu. Maharbi ya ɗaura kan burtu a goshi, na gaske ko na itace da aka rufe da fata aka manna masa jajayen 'ya'yan idon zakara, ya lulluɓe da baƙin zane, ya yi rarrafe yana kaɗa kai kamar tsuntsun na kiwo. Barewa ta saba da burtu, ba ta gudunsa. Irin kawunan nan suna ajiye a gidajen tarihi na Turai da Amurka.

29/ Me ya haɗa wannan duka da cikin ganuwa? Kasuwa. Maƙeran birni ke ƙera bakin kibiya, dukawa ke ɗinka kwari da layu. Abin da daji ya bayar kuma Kurmi yake zuwa: fata, ƙaho, kilishin daji, sassan dabbobi na masu magani. Ƙahon gwanki ake busawa. Figini da takalman gashin jimina da Tarihin Kano ya ce Rumfa ne ya faro su, ai wani ne ya kamo jiminar.

30/ A ƙarshen ƙarni na 19 hauren giwa da gashin jimina na cikin manyan kayan da ayari ke ɗauka daga Kano zuwa Tarabulus. Amma a lokacin daga nesa ake kawo su, hauren ma galibi daga wajen Adamawa. Giwar Dala ta riga ta zama labari.

31/ Yaushe dajin ya ja baya? A hankali. Gijimasu (1095 zuwa 1134) ya fara ganuwa, ɗansa Yusa ya ƙarasa, Rumfa ya faɗaɗa, Muhammadu Nazaki ya ƙara a farkon ƙarni na 17. Ganuwar ba gidaje kaɗai ta kewaye ba, har da gonaki da kududdufai, don in an yi wa gari ƙawanya a samu abin ci.

32/ Clapperton ya shigo Kano a Janairun 1824. Ya rubuta cewa gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin cikin ganuwa ba, saura gonaki ne da lambuna, fadamar Jakara kuma cike da agwagin ruwa da sauran tsuntsaye. Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya hau Dala a 1851 ya zana garin. Tsuntsaye suka gani da gonaki. Manyan namun daji sun riga sun bar unguwar.

33/ Wajen ganuwa ma haka. Kewayen Kano na cikin wuraren da aka fi cika da noma a duk yankin nan, gona na jikin gona, ana nomawa duk shekara da takin birni da jakuna ke fitarwa. Michael Mortimore ya shafe shekaru yana nazarin wannan. Abin sha'awa, manoman ba su sare bishiyoyi masu amfani ba: ɗorawa, kuka, tsamiya, gawo duk suna nan. Wato bishiyar bago na tsaye. Abin da za a jira a ƙarƙashinta ne babu.

34/ Sai masifu suka jero. Wajen 1890 annobar bushiya ta ratsa Afirka, ta kashe shanun Fulani ba adadi, ta haɗa da ɓauna da wasu namun daji. A wannan shekarar kuma Turawa suka ƙulla yarjejeniyar Burasel, wadda ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, aka bar mu da ta toka. Harba-ka-ruga da kuke gani a kafaɗar maharba har yau, tushenta ke nan.

35/ Ranar 3 ga Fabrairu 1903 sojojin Kanar Morland suka fasa Kano, Sarki Alu yana Sakkwato. A 1916 Turawa suka kafa dokar kare namun daji: lasisi, jerin dabbobin da ba a taɓawa, hanyoyin da aka haramta. A takarda abu ne mai kyau. A aikace, jami'in Bature mai kuɗin lasisi da bindigar zamani ya zama ɗan wasa, maharbin da ya gaji dajin kuma ya zama mai laifi.

36/ Amma in za a yi adalci, ba dokar ce ta gama da nama ba, gyaɗa ce. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga 1912 cinikin gyaɗa ya ɓarke, dalar gyaɗa ta tashi, duk saurar da ta rage aka sa mata garma. Yawan jama'a ya ninka ya sake ninkawa. Barewa ba ta iya zama a tsakiyar kunya.

37/ Gwamnatin Arewa ta yi tata dokar namun daji a 1963. Abin da ya rage wa Kano na daji mai suna daji shi ne Falgore, wanda a dā ake kira Kogin Kano, can wajen Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, kimanin kilomita 150 daga birni, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 900. Zamanin Audu Bako kuma aka buɗe gidan zu a farkon shekarun 1970. Daga lokacin ɗan birni ya koma ganin gwanki da tikiti.

38/ Falgoren ma kun san yadda ya kasance: masu sarar itace, masu gawayi, kiwo, sannan ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane suka mayar da shi maɓoya, har sojoji suka kafa filin atisaye a ciki. Barewarmu mai jan goshi yanzu tana cikin jerin dabbobin da hukumar kare halittu ta duniya ta ce suna cikin haɗari.

39/ To mu je Amurka. Abin da ba a nuna maka a bidiyo shi ne su ma sun kusa ƙarar da tasu. Wajen 1900 abin da ya rage na barewarsu mai farar wutsiya bai wuce rabin miliyan ba. Yau ana maganar kusan miliyan 30.

40/ Me suka yi? Sun hana cinikin naman daji a kasuwa, sun sa lokacin harbi da adadin da mutum zai kashe. A 1937 kuma suka yi dokar Pittman da Robertson: harajin da ake karɓa kan bindigar farauta da harsashi, kashi 11 cikin 100, mafi yawansa aljihun kula da namun daji da dazukansu yake shiga. Maharbi ne ke biyan kuɗin renon abin da zai harba.

41/ Da nama ya dawo sai bago ya zama masana'anta. Daga wajen shekarun 1970 kujerar hawa bishiya ta bazu. Iri uku ne manya. Akwai tsani mai kujera a ka, a jingina a ɗaure. Akwai wadda ake ratayawa, a hau da guntayen matakan ƙarfe da ake ɗaurawa a jikin bishiyar, wato turakunmu na kuka ke nan da aka yi wa fenti.

42/ Ta ukun ita ce mai hawa da kanta: gida biyu, na zama da na taka ƙafa, kowanne ya rungumi bishiyar. Ka ɗaga na sama ka zauna, ka jawo na ƙasa da ƙafa, ka miƙe, ka sake, kamar tsutsa. Sai dai tana son bishiya miƙaƙƙiya marar rassa a ƙasa. Kawo ta gindin kuka ko tsamiya ka ga ta zama kayan gwangwan. A giginya ce kawai za ta yi wani abin kirki.

43/ Galibi ƙafa 15 zuwa 20 suke hawa. Kuma a jihohi da dama na Amurka faɗowa daga kujerar nan ta fi harbin kuskure jikkata maharba: karayar baya, shanyewar ƙafafu, mutuwa. Shi ya sa ake ta yi musu wa'azin ɗamarar da ke ɗaure mutum da bishiya. Igiyar ƙugun maharbinmu ce dai, an sa mata farashi.

44/ Ba mu da su kaɗai ba ne. A Indiya ana kiran irin wannan gadon macan, a kansa Jim Corbett ya sha kwana yana dakon damisa masu cin mutane. A Jamus za ka ga hasumiyoyin katako a gefen gonaki. Duk inda mutum ya san hancin dabba ya fi nasa, sai ya hau sama.

45/ Mu dawo gida. Harbi ya bar birni, amma farauta ba ta bari ba, domin ita ba ta buƙatar gwanki, zomo ma ya isa a fita. Kowace unguwa da ƙungiyarta, da karnukanta, da 'yan taurinta, da gangi. Rigima kan wa ya fara bugun nama tsohuwar aba ce. Matattarar 'yan farauta kuma ita ake kira daba.

46/ E, dabar da kuka sani. Masu bincike a Kano sun nuna yadda siyasar NEPU da NPC a shekarun 1950 ta jawo 'yan farauta da 'yan tauri cikin aikin kare taro da tarwatsa na abokan hamayya. Daji na raguwa, makamai na nan, gabar unguwanni na nan, 'yan siyasa na biya. Faɗan da ake yi a dawa kan gada ya dawo lungu, ba gadar. Shi ya sa 'yan sanda suka sha hana kiɗan gangi a gari.

47/ Wannan ba ya nufin maharbi ɗan daba ne, kar a juya min magana. Lokacin da Boko Haram ta kama Mubi a 2014, maharba da bindigar toka na cikin waɗanda suka taya sojoji ƙwato ta. Sanin sawu, sanin iska, iya zama shiru dare guda: ilimin bago ne, abin da ake dako ne ya canja.

48/ Waɗanda suka riƙe sana'ar don ci da iyali kuwa, sai tafiya nesa. Maharban ƙauyukan Kano yanzu har kudu suke zuwa neman dajin da ke da nama. A ƙarshen Maris 2025, ana dab da ƙaramar Sallah, wasu na dawowa daga jihar Ribas a babbar mota aka tare su a Uromi ta jihar Edo. An ga bindigogin toka, aka ce masu garkuwa ne, aka kashe mutum 16. Yawancinsu 'yan ƙaramar hukumar Bunkure ne. Allah ya ji ƙansu.

49/ Maharbin farko na Tarihin Kano mil 9 aka ce yana tafiya da namansa zuwa gida. Daga Fatakwal zuwa Kano a mota ya haura kilomita 1,000.

50/ Wanda kakansa maharbi ne kuma yana raye, ya je ya tambaye shi sunan mashayar da yake bago, da irin bishiyar, da abin da ya harba na ƙarshe a wurin da shekarar. Ku ajiye min a ƙasa, da sunan garin.